Idon Malamin Daji

Wani mai keke ne ya ɓullo ta hannun dama, Malamin Daji kuwa bai gan shi ba sai da Lauya ta ƙwala ihu daga kujerar gefe. Ya danne birki da iya ƙarfinsa. Motar ta ja ƙasa ta tsaya a karkace, gorar ruwa ta gangaro ta bugi ƙafarsa. Mai keken ya dire ƙafa ɗaya, damin ciyawar da ya ɗauro a baya ya zame gefe.

"Haba Baba, da girmanka! Hanya fetal haka?"

"Yi haƙuri, ɗana. Don Allah yi haƙuri."

Mutumin ya gyara kayansa yana ƙunƙuni ya wuce. Malamin Daji ya riƙe sitiyari da hannu biyu. A kujerar baya Auta, ɗan shekara shida, dariya yake yi, a ganinsa wasa ne. Yayarsa ba ta yi dariya ba. Shekararta goma sha ɗaya, kuma kakan ne da kansa ya laƙaba mata Lauya, don ba a taɓa gama magana da ita ba ta ce "amma" ba.

"Kaka, tun daga waccan bishiyar nake hango shi."

"Rana ce ta haske mini ido."

"Amma ranar tana bayanmu."

"To, mai shari'a, na amsa laifina. A yi mini sassauci."

Ya tada motar ya ci gaba a hankali, yana juya kai dama da hagu kamar kazar da ta ji motsin shaho. A durowar gaban motar, ƙarƙashin takardun inshora, akwai wata takarda da ya ninke huɗu ya cusa mako uku da suka wuce. Likitar ido ce ta ba shi. Ta ce hawan jinin ido ne, ya daɗe yana cin ganinsa daga gefe-gefe, shi ya sa yanzu yake kallon duniya kamar mai leƙe ta cikin bututu, tsakiyar ma ta fara hazo. Ta ce magani zai iya riƙe abin da ya rage, amma wanda ya tafi ya tafi. Ta ce ya ajiye tuƙi daga ranar, kuma in zai dawo ya zo da wani nasa. Ya ce to. Ya sayi maganin ɗigawa ya ɓoye a kwalin man goge takalmi, bai faɗa wa kowa ba.

Shekara talatin da biyu ya yi yana aikin gandun daji kafin ya yi ritaya. A zamaninsa yakan hango zomo kwance a cikin ciyawa daga inda wani ba zai hango jaki ba. Tun rasuwar matarsa yake zaune tare da 'yarsa da yaranta biyu, mijinta yana aiki a wani gari mai nisa, sai ƙarshen wata yake zuwa. Da aka yi dogon hutu, makaranta ta ba Lauya aiki: ta rubuto halittu goma da ta gani da idonta, da kamanninsu da inda ta gan su. Jiya ya same ta tana kwafowa daga wayar uwarta. Abin ya sosa masa rai fiye da yadda ya zata.

"Kakanki yana raye za ki tambayi waya?"

Da safe 'yarsa tana saka takalmi za ta tafi banki ta ce, "Baba, kada dai ku yi nisa, ka ga damina ce." Ya ce ba nisa za su yi ba.

Ya ajiye motar a inda hanyar gonaki ta ƙare, gindin wata tsamiya. Ruwan da aka yi shekaranjiya ya sa ƙasa ta yi laushi, ciyawa ta kai gwiwa, iska tana ƙanshin danshi. Ya rataya wa Lauya tsohon madubinsa na hangen nesa a wuya, ya ba Auta gorar ruwa ya riƙe don shi ma ya ji yana da muƙami.

"Ku saurara. Doka ta farko, baki a rufe. Ta biyu, tafiya kamar ɓarawo. Ta uku, ba a nuna abu da sauri, hannu a hankali ake ɗaga shi. Daji yana da kunya. Sai ya manta da kai yake fitowa."

"Akwai kunkuru?" in ji Auta.

"In ka yi shiru."

"Ka yi alkawari?"

"Na ce in ka yi shiru, sarkin surutu."

Wani rafi suka nufa. Hanyar kuwa ƙafarsa ta san ta tun kafin a haifi uwar yaran. Ya sa su a gaba, ya ce don ya ga ko sun iya tafiyar ɓarawo, alhali jar rigar Lauya yake bi. Da suka isa wani faffaɗan dutse a bakin ruwa suka zauna. Ya ce su rufe ido su ƙirga muryoyi.

Da farko Auta ya ce ba ya jin komai sai cikinsa. Can sai dajin ya manta da su. Kurciya ta fara daga bayansu, wata ta amsa daga tsallake. Makwarwa ta yi ƙara a cikin gona kamar ana jan tsohuwar ƙofa. Malamin Daji yana raɗa musu sunayen ɗaya bayan ɗaya, yana nuna inda kowace take da haɓarsa, kuma duk inda ya nuna, in Lauya ta ɗora madubi sai ta samu.

"Kaka, ga wani a cikin ruwa!"

"Kada ki ce mini wani. Jarrabawa ce. Faɗa mini kamanninsa."

"Dogo ne, toka-toka. Wuyansa kamar an lanƙwasa tiyo. A ƙafa ɗaya yake tsaye."

"Bakinsa fa?"

"Dogo, mai tsini."

"Zalɓe ke nan. Zai iya yini a haka yana jiran kifi ɗaya. Rubuta."

Ta rubuta, harshenta a tsakanin haƙora. Dabarar ta yi masa aiki fiye da yadda ya yi tsammani. Ita ce ke gani, shi ke faɗin suna, babu wanda ya lura cewa a wajensa rafin wani farin zane ne kawai mai motsi. Ya durƙusa ya shafa laka da yatsu ya nuna musu sawun guza, da layin da jelarta ta ja a tsakiya. Ya ɗaga wani ruɓaɓɓen itace da sanda, ba da hannu ba, ya nuna musu yadda ake yi saboda kunama. Auta ya gano hawainiya a reshe da kansa, ya yi ta tsalle ba sauti, hannu a kan baki, don kada ya karya doka. Kurege ya gifta. Malam-buɗe-littafi ya sauka a kan littafin Lauya kamar wanda aka aiko, suka yi ta dariya ƙasa-ƙasa. Tun daga ranar da ya fito daga ɗakin likitar, sai yau ƙirjinsa ya saki.

Jin daɗin ne ya sa ya yi garaje. Ya hango wani fari a saman ƙaya, ya ɗaga hannu a hankali.

"Ga belbela can. Ita ce ta takwas."

Auta ya duba, ya duba, sai ya fashe da dariya har da faɗuwa a kan dutse.

"Kaka, leda ce! Farar leda! Lauya, rubuta leda!"

"Gwada ku nake yi," in ji shi.

Lauya ba ta ce amma ba. Ta sauke madubin ta zuba masa ido, shi kuma ya kau da kai yana gyara hularsa. Dariyar yaron ta shige shi kamar ƙaya a tafin ƙafa.

Ba a fi minti goma ba Auta ya kira daga gindin wani kurmi, taku biyar daga dutsen, cikin raɗa mai ƙarfi.

"Kaka! Kunkuru! Wallahi kunkuru!"

Malamin Daji ya juya kai har sai da yaron ya shigo cikin ɗan da'irar ganinsa. A gaban ƙafar Auta, cikin busassun ganye da inuwar da rana ta yayyanka, akwai wani abu a dunƙule, mai tudu, ruwan ƙasa da zane-zane. Shekara talatin da biyu yana gaya wa sababbin ma'aikata cewa abin da ba ka tabbatar ba, sanda ce ke fara gaishe shi. Kalma ɗaya ta ishe shi: tsaya. Amma Lauya tana kallonsa, kuma bai so ya sake cewa a faɗa masa kamanni.

"Shi ne. Shafa bayansa a hankali, ba ya cizo."

Sai ya ji hucin. Dogo, mai kauri, kamar an sace wa taya iska. Kunnensa ya gane abin da idonsa ya kasa: maciji ne, kasa, a naɗe.

"Kar ka taɓa!"

Ihunsa da na yaron tare suka tashi. Auta ya yi baya ya faɗa cikin ƙaya, Lauya ta yi tsalle ta cafko wuyan rigarsa ta ja shi a ƙasa. Malamin Daji ya isa da lalube, ya sunkuci yaron ya yi baya da shi har kan dutsen, gwiwarsa ta bugu bai ma ji ba.

"Ya sare ka? Auta, ya taɓa ka?"

"Ban sani ba! Hannuna! Hannuna!"

Ya ɗago hannun yaron har kusa da hancinsa. Ja kawai yake gani, ja a kan baƙi, ba iyaka ba siffa. Ya matsar da shi nesa, ya dawo da shi kusa, ya juya shi wajen haske. Ya taɓa duba saran maciji a jikin mutum ya fi sau ashirin. Yau ga hannun jikansa a tafinsa, ya kasa bambance haƙori da ƙaya.

"Lauya, zo ki duba mini."

"Kai ka duba mana, Kaka, kai ne ka sani!" Tana kuka.

"Ba na gani."

Ta tsaya.

"Ba na gani, jikata. Idona ya lalace. Zuba ruwa a wurin ki faɗa mini abin da ke nan, kamar yadda kika yi da zalɓe."

Ya ji ƙarar murfin gora, ya ji ruwa na zuba a kan yatsunsa.

"Akwai karce uku, dogaye. Sai wani ɗan rami a kusa da babban yatsa."

"Ɗaya ko biyu?"

"Ɗaya. Ko biyu. Akwai wani ƙarami a gefensa, ban sani ba ko shi ma rami ne."

"Kin ga lokacin da ya kai sara?"

"Na ga kansa ya motsa. Da sauri ne."

Ya ciro robar ado da ke wuyan hannun yaron. Ya karɓi littafin Lauya ya lanƙwasa shi ya zama kamar ƙwarya, ya kwantar da hannun a ciki, ya naɗe da hankicinsa sakwa-sakwa. Ya ce wa Auta duk wanda ya fi daɗewa bai motsa hannu ba shi ne sarkin daji. Sannan ya goya shi.

"Shiga gaba. In akwai rami ki faɗa."

Kafin su kai gindin tsamiyar hadari ya haɗo daga gabas, rana ta ɓace. Da hasken ya ragu, ɗan abin da ya rage masa ma ya ragu. Ya kwantar da Auta a baya, ya zauna, ya lalubi ramin makulli. Wayarsa ba ta da sabis. Daga nan zuwa asibiti tafiyar minti arba'in ce ga mai ido. Ya duba ta gilashi: hanyar ta zama toka, gonakin toka, sama toka. Ɗigon farko ya faɗo.

"Kaka, ka tuƙa. Zan riƙa faɗa maka dama da hagu."

Ya murza makulli, injin ya kama. Ƙafarsa tana kan kuloci. Idan dafi ne, kowane minti yana da daraja. Amma bayan gonaki akwai babban titi, akwai tireloli, akwai gadar da ba ta da shinge a gefe ɗaya, ga ruwa. Yara biyu ne a motar, ba ɗaya ba. Ya daɗe a haka, injin yana kuka, Auta yana shessheƙa. Sai ya kashe motar ya zare makullin.

"Fita ki tsaya a kan hanya. Duk abin da kika ga yana tafiya da taya, ki tsayar da shi."

Minti bakwai suka yi, ya ƙirga su a bugun zuciyarsa, yana zagaye wuyan hannun yaron da yatsa biyu yana auna ko ya fara kumbura. Can ya ji gurnanin inji daga cikin gonaki, ya ji muryar Lauya tana ihu. Akori-kura ce shaƙe da kwandunan tumatir. Direban, wani kakkauran mutum mai tawul a wuya, da jin kalmar maciji ya diro.

"Kawo igiya a ɗaure damtsen! Ina da reza sabuwa, a tsaga wurin jinin ya fita."

"Ba za a ɗaure ba, ba za a tsaga ba."

"Baba, haka ake yi tun kaka da kakanni."

"Haka ake rasa hannu tun kaka da kakanni. Kai dai kai mu asibiti, Allah ya biya ka."

Mai tumatir ya dube shi, ya dubi motar da ke gindin tsamiya.

"Taka ta lalace ne?"

"Direban ne ya lalace."

Suka matsu su huɗu a gaba, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Malamin Daji ya rungume Auta a cinya, yana tambayarsa zafin yana hawa ne ko yana nan wuri ɗaya. Yaron ya ce wuri ɗaya, can kuma ya ce yana hawa, can ya ce fitsari yake ji. Da suka hau babban titi wayar ta samu sabis. Ya miƙa wa Lauya ta nemo masa lambar uwarta. Bai yi dogon bayani ba, ya faɗi sunan abin da ya faru da inda za ta same su. Ya ji kujera ta faɗi a can ɓangaren kafin layin ya katse.

A sashen gaggawa wata nas ta karɓi yaron, ta kwance hankicin, ta zana layi da biro a wuyan hannunsa ta rubuta lokaci a gefe. Aka ɗebi jininsa a ƙaramar kwalba aka ajiye a kan tebur, aka ce a jira a ga ko zai daskare. Mai tumatir ya tsaya har aka ba su gado, sannan ya ce kayansa za su ruɓe, ya tafi bai tsaya a gama yi masa godiya ba. Malamin Daji ya zauna a benci, rigarsa sharkaf, ɗakin yana warin maganin goge ƙasa. Lauya tana gefensa, madubin hangen nesan yana wuyanta har yanzu. Da nas ta kira shi ya sa hannu a takarda, sai yarinyar ta ɗora yatsanta a kan layin, kamar wasa take yi.

'Yarsa ta shigo da gudu, katin aiki yana lilo a wuyanta, takalmi ɗaya ya jiƙe da laka. Ta faɗa kan gadon tana shafa kan Auta, tana kiran sunan Allah. Jim kaɗan likita ya zo, saurayi mai siririn gemu. Ya ɗaga kwalbar ya karkata ta, jinin bai zubo ba. Ya duba layin biro, ya danna hannun, ya sa ɗan hantsaki ya ciro wani baƙin abu daga ramin ya nuna musu a kan auduga.

"Tsinin ƙaya ne. An kusa awa biyu, da kasa ta sare shi da hannun nan ya zama kamar gora. Amma zai kwana a nan mu sa ido, don a tabbatar." Ya ɗaga jiƙaƙƙen littafin. "Wa ya yi wannan?"

"Babana ne. Tsohon malamin daji ne."

"Ai na ga alama. Da kowa zai kawo mana yaro haka, ba ɗauri ba tsaga, da mun huta. Baba, sannu da ƙoƙari."

'Yarsa ta juyo ta kama hannunsa da nata biyu. Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, shi ya sa tun tana jaririya yake kiranta Uwata.

"Baba, Allah ya saka. Da ba ka wurin, ban san abin da zai faru ba." Ta share ido. "Na duba waje ban ga motar ba. Ina take?"

"Ta ƙi tashi," in ji Lauya da sauri. "Ruwa ne ya shiga injin."

"Shi kuma wannan, yaya aka yi ya kai hannu wurin maciji?"

"Kaka ne ya ce..." Auta ya fara, murya cike da barci.

"Rugawa ya yi," Lauya ta katse shi. "Bai tambayi kowa ba. An ce masa kada ya taɓa komai."

"A'a, ai..."

"Rufe mana baki, kai dai ba ka jin magana!" in ji Lauya.

Uwar ta juya kan yaron. Tsoron da ta sha ya koma faɗa. Sau nawa za a gaya masa? So yake ya kashe ta? Daga yau ko ƙofar gida ya leƙa sai ta saɓa masa. Auta ya dubi yayarsa, ya dubi kakansa, sai ya juya fuska bango ya fara kuka marar sauti.

Malamin Daji ba ya ganin fuskar Lauya sosai, amma yana jin numfashinta a gefensa, gajere-gajere. Yarinyar da ko a wasa ba ta barin kuskuren lissafi ya wuce, yau ta yi ƙarya biyu a minti ɗaya, kuma ba wanda ya roƙe ta. Da ya yi shiru, shi ke nan, an rufe maganar. Gobe a aika makaniki ya ɗauko motar, ya ce bai ga abin da ya same ta ba. Ita kuma ta ci gaba da ɗora masa yatsa a kan layi.

Ya miƙe.

"Uwata, bar yaron nan. Zo waje."

A barandar, ruwan ya tsagaita, yana ɗiga daga bakin kwano. Ya so a ce takardar likitar tana aljihunsa, ya miƙa mata kawai ta karanta. Tana can gindin tsamiya. Dole ya faɗa da bakinsa, ya kuwa faɗa duka: likitar ido, maganin da ke kwalin man takalmi, mai keken da ya kusa bankewa, ledar da ya kira belbela. Ya ce motar lafiyarta ƙalau. Ya ce Auta ya tambaya, shi ne ya ce masa ya shafa.

Wani ma'aikaci ya turo gadon marasa lafiya ya wuce ta tsakaninsu, tayarsa ɗaya tana ƙara.

"Tun yaushe?"

"Mako uku."

"Mako uku." Ta maimaita a hankali. "Muna cin abinci a faranti ɗaya. Kuma ka ɗebi 'ya'yana ka sa a mota."

"Na ɗeba."

"Don me, Baba?"

"Na so in nuna musu tun ina iyawa."

"Ka iya ɗin?"

Ta matso kusa da shi.

"Da haƙori ne ba ƙaya ba fa? Me zan ce wa ubansa? Me za ka ce mini?" Muryarta ba ta tashi ba, da ma ta tashi da ya fi masa sauƙi. Tunda ta yi wayo ba ta taɓa yi masa magana tana kallon tsakiyar idonsa ba sai yau, shi kuma ba ya iya ganin abin da ke cikin nata.

Ya ciro makullin motar ya miƙa. Ta bar hannunsa a miƙe na ɗan lokaci kafin ta karɓa ta jefa a jaka.

"Ni zan kwana da shi. Zan sa ku a tasi kai da Lauya. Ka shiga ka gaya wa yaron cewa ba laifinsa ba ne, da bakinka. Ita ma ka gaya mata ta daina yi maka ƙarya."

Ya shiga ya faɗa musu. Auta ya ce to, ya tambaya ko maciji zai shiga cikin goman. Lauya ba ta ɗago kai ba, amma ya ji ta saki wani dogon numfashi.

Suka nufi ƙofar fita, 'yarsa a gaba tana tafiya da sauri, Lauya a bayanta. Yamma ta yi, fitilun harabar ba su kama ba tukuna. A bakin ƙofar siminti ya jiƙe, matakalar da filin duk sun zama abu ɗaya a idonsa. Da jiya ne, da ya tura ƙafa ya sauka da ƙarfin hali, in ya yi tuntuɓe ya ɗora wa takalmi. Ya tsaya a bakin wurin, mutane suna ratsa shi ta dama da hagu.

"Uwata."

Takunta ya tsaya a can ƙasa.

"Matakala nawa ne?"

"Huɗu," ta ce, ba ta juyo ba.

Ya jira. Wata mota ta yi hon a bakin titi. Sai ya ji takun ya dawo, ɗaya, biyu, uku, huɗu. Ba ta kama hannunsa ba. Ta dai tsaya a gefensa ta miƙo gwiwar hannunta, ya riƙe.